Larabcin Zaure da Larabcin Alƙahira

Yaron da ya tashi daga Birnin Gwari zuwa Masar karatun Larabci, farkon tafiyarsa ne mafi wuya. Daga gida zuwa Kaduna kilomita ɗari da 'yan kai ne, ta Udawa da Buruku, daji hagu da dama. Ka san yadda hanyar nan ta kasance a shekarun da 'yan bindiga suka riƙe ta. Mota cike da mutane, amma ba mai cewa uffan. Jirgin sama da ya biyo baya, zama ne kawai a kujera.

Ba hannu rabbana yake tafiya ba. Ya zauna a zauren malam, ya sauke Ajuruma, wataƙila ya taɓa Alfiyya. Ka ba shi jimla, zai feɗe maka ita, ya nuna maka fa'ili da maf'uli. A gida an riga an fara ce masa ustaz. Sai ya sauka Alƙahira, direban tasi ya yi masa magana, ya tsaya yana kallon bakinsa. Larabci ne, amma ba wanda ya sani ba. Mutanen birnin suna furta jimun kamar ga, suna haɗiye ƙafun. Wasullan ƙarshen kalma, waɗanda yaron ya sha wuya a kansu shekara da shekaru, ba mai furta su a titi. Shi kuma idan ya mayar da amsa da Larabcin littafi, za a gane shi sarai. Sai dai za a yi murmushi, don ya yi magana kamar mai huɗuba, alhali kuɗin mota yake tambaya.

Wannan hanya ba yau aka fara bin ta ba. An kammala ginin masallacin Azhar a 972. Tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suke da masaukin ɗalibai a Alƙahira, daga baya kuma Barebari suka samu sashensu a cikin Azhar ɗin. Yau ɗalibin da ya yi sa'a yana samun gado a Madinatul Bu'us, gidan baƙin ɗalibai da ke Abbasiyya. Wanda bai samu ba, sai haya a unguwannin Madinatu Nasr.

To, a nan ne abin da nake so ka lura da shi. Wa yake kama haya tare da shi? Bakano, Basakkwace, ɗan Damagaram, da wani daga zangon Kumasi. Tukunya ɗaya suke ɗorawa. Kuka da daddawa da yaji daga gida aka zo da su, a ƙulle cikin leda. Da Hausa ake tashi sallar asuba, da ita ake rabon kuɗin wuta, da ita ake gardamar ƙwallo. Yaro ya ƙetare hamada don Larabci, amma harshen da ya fi ƙaruwa da shi a shekarar farko Hausa ce. Yakan dawo ya iya Sakkwatanci.

Ban ga laifinsa ba. Sanyin Janairu a can ba irin hunturunmu ba ne, yana shiga ƙashi. Ga layin sabunta takardar zama, ga kuɗin da ke zuwa daga gida a makare. A ƙarshen 2021, da aka katse layukan waya a wasu sassan Jihar Kaduna saboda 'yan bindiga, ka yi tunanin halin wanda iyayensa ke bakin daji shi kuma yana Masar. Ya kira, shiru. Ya sake kira, shiru. Mai irin wannan damuwa ba nahawu yake nema da dare ba. Wanda zai ce masa sannu yake nema.

Amma harshe ba ya shiga ta wannan ƙofa. Waɗanda suka dawo da baki a sake, in ka bincika, malamansu na gaskiya ba su da digiri. Mai gurasar bakin layi ne, wanda ba zai sassauta magana don kai baƙo ne ba. Direban ƙaramar bas ne, wanda in ba ka iya cewa a sauke ka ba, sai ka tsinci kanka a wata unguwa. Akwai mai gadin bene, akwai mai sayar da koshari, abincin nan na shinkafa da adas da taliya. Ko malamin aji, in bayani ya yi zafi, yakan zame ya koma harshen titi. Ɗalibin da bai saba da shi ba yana riƙe da alƙalami, shafi fari fat.

Mu kuwa mun san wannan tun a gida, ba mu dai kula ba. Shiga kasuwar Birnin Gwari ka saurara. Bafulatana mai nono tana ciniki da Hausa. Manomin Gbagyi da ya kawo doya da ita yake taya kaya, haka ɗan Kamuku. Ba su riƙe allo don ita ba, ba wanda ya ba su shahada. Dole ce ta koya musu, da kunyar kuskure a gaban mutane. Mu da muka tashi da Hausa a baki, mu nawa ne za mu iya gaida su da harshensu? Mun saba a zo mana. Shi ya sa ɗanmu, in ya je inda shi ne baƙo, yake neman inda Hausa take ya fake.

Idan naka zai tafi, maƙwabci, ka sa masa albarka, ka ba shi kukarsa da daddawarsa. Sannan ka ce masa ya nemi abokin ɗaki daga Indunusiya ko Senegal, wanda ba abin da zai haɗa su sai Larabci. Cefane kuma ya riƙa zuwa da kansa, kada ya aiki wanda ya riga shi zuwa.