Gwiwar Inna Ba Ta Son Gata

A gidajenmu na Maraɗi, ana gane ɗan kirki da yadda yake hana tsohuwarsa wahala. In ta miƙa hannu za ta ɗauki buta, jika ya riga ta. In ta ce za ta leƙa maƙwabta, a ce ta zauna, za a aika yaro. Gata ne, da shi aka raine mu. Sai dai akwai ciwon da wannan gatan ke ƙara wa ƙarfi, shi ne amosanin gwiwa, wanda muke kira sanyin ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 528 ke fama da irin wannan amosanin gaɓɓai, kuma kashi 60 cikin 100 mata ne.

Innata tana cikinsu. Ta haura shekara 70. Abin ya fara mata da ƙagewar ƙafa da asuba, har ya kai ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta. An sha man zafi, wanzami ya yi ƙaho, an sayi ƙwayoyi wajen masu yawo da magani a tire. Da aka ɗauki hoto a asibiti, likita ya ce guringuntsin gwiwar ne ya zaizaye. Ya hana ta shan diclofenac kullum, don yana ɓata ciki da ƙodar tsoho, ya tura mu wajen mai gashin ƙashi, wanda mu a Nijar muke ce wa kine.

Inna ta je da zaton tausa za a yi mata, sai ta tarar da aiki. Kinen ya ce, "Hajiya, guringuntsi ba shi da jijiyar jini. Kamar soso yake, sai an taka an saki yake shan ruwan gaɓa. Naman cinya kuma shi ke tallafe gwiwa, zama ke cinye shi." Ya ba ta darasi: ta kwanta ta ɗaga ƙafa a miƙe, ta ƙirga biyar ta sauke, sau 10. Ta tashi daga kujera ta koma, sau 10. Ta ɗumama gwiwa da tawul mai ɗumi kafin ta fara, ta riƙe sanda a hannun da ke ɓangaren ƙafa mai lafiya. Ɗan ciwon da zai lafa kafin gobe ba komai, amma in gwiwa ta kumbura ta yi zafi, a dakata a dawo.

Rigimar a gida take. Ranar da Yaya ya same ni tsaye ina ƙirge, Inna tana nishi, ya kira ni zaure. "Ke yanzu tsohuwa za ki sa a fareti? Me mutane za su ce?" Sun kuwa ce. Wata maƙwabciya ta tambaye ni ko mun rasa 'yar aiki ne. Ita ma Innar takan harare ni ta ce, "Ashe haihuwarki na yi don ki ba ni horo."

Abin da ya riƙe ta ba maganata ba ce. Abu biyu take nema: ta kai goshinta ƙasa a sallah, ta kuma shiga bayi ba tare da suruka ta riƙe ta ba. Na biyun ba ta taɓa furta shi ba, kunya ba za ta bar ta ba, amma duk macen gidan ta sani.

Bayan wata uku, ba zan ce ta warke ba. Guringuntsin da ya tafi ba ya dawowa, kuma hunturu yana tuna mata. Wata rana sallarta a kujera take yi. Amma tana tashi da kanta, tana rufe ƙofar bayi da hannunta, ta kuma taka har gidan suna a layinmu.

Yaya bai ce ya sauko ba. Kujera mai hannu kawai ya sa kafinta ya yi mata, mai ɗan tsayi, don tashi ya yi sauƙi. Ran Juma'a in ya zo gaisuwa shi ke ƙirga mata, tausayi ya sa ya tsallake daga shida zuwa takwas. Inna sai ta tsaya da ƙafa a sama ta ce, "Bakwai fa? Ko ka bar ta a mota?"