Kafin a Sayar da Gonar Baba



Ranar Lahadi bayan sujada, wani ɗan zumuntarmu ya same ni yana ta murna. "Baba Fasto, na sami aikin jinya a Ingila, fam 25,000 a shekara!" Ya riga ya juya kuɗin zuwa naira. So yake in lallashi mahaifinsa ya sayar da gonarsu ta kusa da madatsar ruwan Wasai, a yi kuɗin tafiya.

Na ce, "Ɗana, ɗauko biro." A can, fam 12,570 na farko ba haraji. Abin da ya haura, gwamnati na cire kashi 20 cikin ɗari, da wani kashi 8 na inshorar ƙasa. Saura kusan fam 1,800 a wata. A ciki zai biya hayar ɗaki, harajin ƙaramar hukuma, wuta, ɗumama ɗaki da hunturu, mota da abinci, ga mutanen gida suna jiran aike.

Ya yi shiru. Ni ma na yi shiru, don na san matsin da ke korarsa.

Ban hana shi tafiya ba. Yunwa ce ta kai Yakubu Masar, Allah kuwa ya tafi tare da shi. Amma a Luka 14:28, Ubangiji Yesu ya koya mana yin lissafi kafin fara gini. A Minjibir gona na manne da gona. Wadda aka sayar, da wuya ta dawo.

Muka durƙusa muka yi addu'a. Gonar tana nan, shi kuma yana tara kuɗin jirgi da noman rani.

Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.