Daga Funtuwa zuwa Malumfashi: Idan famfo ya lalace, wa zai gyara?

Kudancin Jihar Katsina, wanda mutanensa ke kira Karaduwa, ƙasar laka ce mai riƙe ruwa, kuma daga rumbunanta ake ciyar da birane da yawa waɗanda mazaunansu ba su taɓa taka Bakori ko Ɗandume ba. Ƙananan hukumomi 11 ne a shiyyar, amma garuruwa biyu ne ke riƙe da ita: Funtuwa, mazaunin Sarkin Maskan Katsina, da Malumfashi, mazaunin Galadiman Katsina. Ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Funtuwa mutum sama da 225,000, ta ba Malumfashi sama da 180,000. Sun wuce ƙauye, ba su kai Kano ba. A irin wannan gari mutum yana sa ran ruwan famfo da ɗakin shan magani da ajin yaƙi da jahilci, kuma har yanzu ya san ƙofar gidan mai unguwarsa.

Na bi hanyar da ta haɗa garuruwan biyu bayan kaka, lokacin da jami'a ke hutu, masara tana shanye a bakin titi, manyan motoci suna lodi. Abin da ya kai ni tambaya ce guda: cikin ayyukan da aka yi wa jama'ar yankin nan a shekara 50 da suka wuce, wanne ne yake aiki har yau, kuma me ya riƙe shi? Tambayar ta zama dole saboda a ƙarshen 2024 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta ƙaddamar da shirin raya al'umma, wanda ya tanadi cibiya a kowace mazaɓa cikin mazaɓu 361 na jihar, da nufin mutanen wuri su riƙa faɗin buƙatunsu da kansu. Niyya ce mai kyau. Sai dai yankin nan ya ga kyawawan niyyoyi kafin wannan, kuma yana da abin da zai koya mana game da makomarsu.

Ita kanta Funtuwa baƙin abubuwa ne suka raya ta. Tsohon garin sarauta Maska ne, wanda ya yi suna a saƙa da rini. Auduga da jirgin ƙasa ne suka ja mutane zuwa gindin duwatsun Funtuwa, musamman bayan layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa garin ya isa Ƙaurar Namoda a 1929. Kamfanin Turawa na BCGA ya kafa injin gurzar auduga, har harshen jama'a ya mayar da haruffan nan huɗu sunan unguwa, Bisije. Masaƙar Funtuwa ta zo a 1978, tashar sauke kaya ta kan tudu kuma aka buɗe ta a watan Mayun 2024. Kowane zamani ya bar wa garin gini da suna. Ginin yakan daɗe, sunan ya fi shi daɗewa, amma aikin da aka yi ginin dominsa shi ne yake saurin mutuwa.

Babban misali shi ne shirin raya aikin gona na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe. Su ne na farko a ƙasar nan, kuma daga gare su aka kwaikwayi irinsu a sauran jihohi. Shirin ya game ƙasar Funtuwa da ta Malumfashi, ya yi hanyoyin karkara, ya gina ƙananan madatsun ruwa da cibiyoyin hidimar manoma inda ake sayar da takin zamani da ingantaccen iri, ya baza malaman gona cikin ƙauyuka. Masana sun soke shi da cewa manyan manoma ne suka fi cin moriyarsa. Duk da haka ya bar gado ɗaya da ba a musunsa, wato masara. Ƙasar da a da dawa da auduga ne sarakunanta ta koma ɗaya daga cikin manyan wuraren noman masara a Najeriya.

Ya kamata mai karatu ya tsaya a nan ya yi tunani. Me ya sa masara ta zauna, alhali cibiyoyin hidimar manoma da yawa sun zama kufai ko rumbun ajiye tarkace? Masara ta shiga hannun manomi ta zama tasa. Shi ke adana iri, shi ke neman taki ko da bashi, shi ke asara idan ya yi sakaci. Cibiyar kuwa ta ci gaba da zama ta "gwamnati", wato ta kowa, wadda ba wanda zai hau rufinta ya ɗaure kwano idan iska ta yaye. Da wa'adin shirin ya cika, kuɗin waje suka tsaya, sai ya tabbata cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Daga Funtuwa zuwa Malumfashi ta Bakori tafiyar ba ta kai awa guda a mota ba, amma wanda ya riƙa tsayawa yana karanta allunan ayyuka zai wuni. Kusan kowace rijiyar burtsatse tana da allo mai ɗauke da sunan wanda ya kawo aikin da na ɗan kwangila da shekarar da aka yi shi. Ban ga allo ko ɗaya da ya rubuta sunan wanda zai gyara ba. A wani ƙauye na tarar da rijiyoyi biyu kusa da juna. Ɗaya mai aiki da hasken rana ce, da tanki a sama, kuma a bushe take. Ɗayar tsohon famfon tuƙa-tuƙa ne, yara sun yi layi da jarkoki. Na gaida wani dattijo da ke zaune a inuwar dalbejiya, na ce, "Baba, yaya aka yi tsohon ya riga sabon tsira?" Ya ce, "Malam, wannan namu ne, duk Juma'a kowane magidanci yana ajiye wani abu saboda ranar da zai lalace. Wancan kuwa masu shi muke jira." Masu shi sun zo ranar buɗewa, an ɗauki hoto, an watse.

Malumfashi tana da nata tarihin na baƙin ayyuka, kuma a fannin lafiya ne. Asibitin garin ya taɓa zama ɗaya daga cikin asibitocin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a shekarun 1970 likitocin Zariya da na Libaful ta Ingila sun gudanar da wani dogon bincike a kan cututtukan yankin, tun daga tsargiya har saran maciji. A madatsar Ruwan Sanyi sun bi diddigin yadda masu wanka da wanki ke kamuwa da tsargiya. Abin da binciken ya tuna mana shi ne, madatsar da aka gina don shayar da mutane da dabbobi tana iya zama matattarar cuta idan ba a haɗa ta da kulawa da faɗakarwa ba. Sakamakon binciken ya shiga mujallun likitanci na duniya, kuma sunan Malumfashi ya shiga tare da shi. Na so a ce akwai taƙaitaccensa da Hausa a ɗakin karatun kowace sakandare a garin.

A daidai waɗannan shekaru wani masani mai suna Paul Clough ya zauna a ƙauyen Marmara da ke ƙasar Malumfashi yana nazarin manoma 'yan kasuwa, kuma littafinsa ya fito a 2014. Ya nuna cewa dukiya a karkarar Hausa tana yawo ne ta hanyar amana da bashi da ɗaukar nauyin mutane, kuma attajiri ba ya cika attajiri sai da jama'ar da ke cin arzikinsa. Wannan tsari na alhaki shi ne ginshiƙin hidimomin da na tarar suna raye a garuruwan biyu. Akwai kwamitin maƙabarta, wanda ba ya jiran kasafin kuɗi kafin ya sayi diga da itace. Akwai makarantun Islamiyya na dare, inda matan aure da yawa ke fara koyon karatu, iyaye da mazajensu suna biyan kuɗin Laraba ko na wata. Akwai adashin mata, wanda ya sayi kekunan ɗinki da injinan markaɗe ba tare da takardar banki ba. Akwai matasan da ke yashe magudanan ruwa kafin damina ta faɗi, da 'yan sintirin unguwa da ake tara wa kuɗin batir da shayi. Ba ɗaya daga cikinsu da aka yi wa bikin ƙaddamarwa.

Da na duba su ɗaya bayan ɗaya, sai na ga abin da ya haɗa su. An san mai riƙon kuɗi, an san gidansa. Kuɗin kaɗan ne, amma ba ya yankewa. Ana faɗin lissafi a gaban waɗanda suka bayar, bayan sallah ko a zauren mai unguwa. Wanda ya ci amana kuma kunya za ta same shi tun kafin 'yan sanda su same shi, domin da shi da masu kuɗin sahu ɗaya suke tsayawa. Hidimar jama'a tana rayuwa ne a inda wanda ya yi sakaci zai haɗa ido da wanda sakacin ya cutar.

Kada wani jami'i ya karanta wannan ya ce an sauke masa nauyi. Gayya tana da iyaka. Adashi ba ya shimfiɗa bututu daga madatsun Mairuwa da Gwaigwaye zuwa sababbin unguwannin Funtuwa, inda kurar mai garuwa ce famfon mutane da yawa. Kwamitin unguwa ba ya ɗaukar ungozoma aiki, ba ya kuma tare ɗan bindiga. Sace ɗalibai sama da 300 a sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, da harin da aka kai wa masu sallar Asuba a Unguwar Mantau ta ƙasar Malumfashi a Agustan 2025, sun isa shaida. Rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa da Ɗandume zuwa cikin garuruwan nan, kuma akasarinsu a gidajen 'yan uwa suka sauka. Tukunyar da ke ciyar da mutum 10 yanzu 20 take ciyarwa, ajin Islamiyya ya cika ya batse, famfon unguwa yana aikin famfo biyu. Waɗannan ƙananan ƙungiyoyi suna ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsu, kuma suna iya durƙushewa.

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da kwashe shara, da sa hannu a ilimin firamare da na manya da kiwon lafiya. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa ba su kasonsu kai tsaye. Saboda haka doka ta riga ta ambaci wanda ya kamata ya tallafi waɗannan hidimomi. Abin da ya rage shi ne yadda za a tallafa ba tare da an haɗiye ba. Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada: gwamnatin Seyni Kountché ta ɗauki Samariya, tsohuwar ƙungiyar matasa ta gargajiya, ta mayar da ita hannun hukuma, ta gina azuzuwa da ita, amma da mulkin ya shuɗe sai ƙarfinta ya bi shi. Mu ma mun ga yadda rijiyoyin hukumar raya karkara ta DFRRI, wadda aka kafa a 1986, suka ƙare a wurare da dama. Ƙungiyar da ta koma jiran alawus ta daina zama ta masu ita.

Don haka shawarata ga masu tafiyar da sabon shirin ita ce, aikin farko na kowace cibiyar mazaɓa ya zama ƙidaya, kafin a aza tubali ko ɗaya. A rubuta rijiyoyi nawa ne a mazaɓar, nawa ke aiki, me ya kashe sauran, nawa gyaran zai ci. Sau da yawa kuɗin sabuwar rijiya ɗaya zai tayar da matattu da dama. Duk sabon aiki kuma ya zo da asusun gyara da kwamitin da mutanen wurin suka zaɓa, a rubuta sunan kwamitin a allo a daidai inda ake rubuta na ɗan kwangila. A horar da matasan mazaɓar gyaran famfo da na'urorin hasken rana, don kada a riƙa jiran makaniki daga Zariya ko Kano. A karanta lissafin cibiyar a bainar jama'a aƙalla sau huɗu a shekara, da Hausa. A nemi uwayen adashi da malaman Islamiyya mata a ji ta bakinsu, domin su ne suka san gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba. Jami'in cibiya kuwa ya zama mazaunin mazaɓar, mai shan ruwan da jama'arta ke sha, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ɗalibanmu 'yan yankin suna da rawar takawa. Kowace shekara muna karɓar kundayen kammala digiri a kan batutuwan da ba su taɓa rayuwar kowa ba. Ɗalibi ɗan Jabiri ko Maƙera ko Dayi ko Karfi zai iya zagaya mazaɓarsa a hutu guda da littafi da biro, ya fito da jerin abin da ke aiki da abin da ya mutu, ya miƙa kwafe ga mai unguwa da kansila. Wannan bincike ne na gaskiya, kuma ni dai a shirye nake in duba irinsa.

Gwamnatoci suna da wa'adi, rancen waje ma haka, amma mutanen Funtuwa da Malumfashi ba su da ranar tashi. Ma'aunin cibiyoyi 361 ba zai zama yawan abin da aka buɗe a bana ba. Za a auna su ne bayan shekara 10, lokacin da waɗanda suka ƙirƙiro shirin suka bar ofis, a ga ko akwai wanda ke ajiye wani abu duk Juma'a saboda rufin cibiyar. Idan akwai, to ta zama tasu kamar yadda masara ta zama. Allah Ya zaunar da yankin lafiya, Ya ba masu riƙon amanar jama'a ikon saukewa.