Pilsen, Garin Da Giyar Laga Ta Yi Suna

Daga Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, tafiyar kilomita 90 ce yamma zuwa Pilsen. Tun kafin mutum ya isa ƙofar babban kamfanin garin, ƙamshin dafaffen tsiron sha'ir ke tarbarsa, mai kama da na unguwar masu dafa pito a Wa ko Bolgatanga.

Mutanen garin ba sa gajiya da ba da tarihinsu. A 1838 giyarsu ta lalace har aka zubar da ganga 36 a gaban gidan hukumar gari. Sai masu izinin dafawa suka haɗa kai suka gina sabuwar masana'anta, suka ɗauko wani gwani daga Bavariya ta Jamus, Josef Groll. Ranar 5 ga Oktoba 1842 ya yi dahuwar farko, ta fito garau, launin zinariya. Ruwan garin marar gishiri da furen hop na Zatec ne suka ba ta wannan kama. Kamfanin Asahi na Japan ya sayi masana'antar a 2017.

Abin da ya fi burge mu shi ne ƙarƙashin ƙasa. An fafe dutse an yi ramuka masu tsawon kusan kilomita 9, sanyi kamar asubahin hunturu. A nan aka riƙa ajiye giyar makonni ta kwanta, kuma daga kalmar Jamusanci ta ajiya aka samo sunan laga. Pito kuwa kwana kaɗan ne, a sha da ɗuminta kafin ta yi tsami.

Yanzu ƙananan gidajen dahuwa ɗaruruwa ne a ƙasar, kowane da tasa. A ɗaya daga cikinsu aka kawo wa abokan tafiyarmu masu sha irin wadda suke kira desitka, wato mai lamba 10. Mu dai ido da hanci muka sa: kumfa fari mai kauri, ƙamshin burodi da ɗanyar ciyawa. Su kuma suka ce ɗacinta a tsabtace yake, ba ta nauyaya kai, kuma yin mai sauƙi da daɗi ya fi wuya, don ba inda kuskure zai ɓuya.

To, a nan ne muke jan kunnen 'yan'uwa matafiya da ɗalibai. Lamba 10 ɗin nan auna zaƙin ruwan tsiro ce kafin a zuba yisti. Sinadarin maye a cikinta ya kai kusan kashi 4 cikin 100, don haka kada wani ya ji an ce mai sauƙi ce ya ɗauke ta kamar Malta. Ko wadda aka rubuta wa nealko, irin Birell, doka ta yarda ta ƙunshi har rabin kashi ɗaya. Direbobi na cikin masu sayenta, domin dokar ƙasar ba ta yarda direba ya sha ko kurɓi ba. Abin dariya, ta farko da suka yi irin wannan a shekarun 1970 sunanta Pito. Wanda bai son shubuha, ya nemi Kofola, lemon ƙasar, ko ruwan kwalba.