Jabal Ɗariƙ, Dutsen da Aka Raraki Cikinsa Saboda Yaƙi

A ƙarshen ƙasar Sifaniya ta wajen kudu, inda Bahar Rum ke haɗuwa da babban teku ta wani mashigi wanda faɗinsa, a inda ya fi ƙunci, bai wuce kimanin kilomita 14 ba, akwai wani dutse da ya miƙe tsaye daga cikin ruwa har mita 426, wanda Larabawa suka sani da Jabal Ɗariƙ, Turawa kuwa suke ce masa Jibralta. Ƙasar duka, da dutsen da garin da ke maƙale a gindinsa, ba ta cika murabba'in kilomita 7 ba, jama'arta kuma ba su kai 40,000 ba; amma da yake duk wanda ya riƙe ta idonsa na kan kowane jirgin ruwa mai shiga Bahar Rum ko mai fita, sarakunan Musulmi da na Nasara sun daɗe suna zub da jinin askarawansu a kanta, har masu tarihi suka lissafa ƙawanya goma sha huɗu da aka yi mata.

A nan ne Ɗariƙu ɗan Ziyadu ya sauka da rundunarsa a shekara ta 92 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 711, aka buɗe Andalus. Abdul Mumini, halifan Muwahhidai, ya sa aka gina birni a wurin a 1160, kuma har yau hasumiyar da aka sabunta bayan Abul Hasan, sarkin Banu Marin, ya karɓe garin a 1333, tana nan tsaye bisa kafaɗar dutsen, da tabon duwatsun majaujawa a jikinta. Ibn Baɗuɗa ya ziyarci wurin a 1350, 'yan shekaru kaɗan kafin ya keta Sahara zuwa Mali da Takadda. A 1462 garin ya fita daga hannun Musulmi. A 1704 jiragen Ingila da na Holan suka ƙwace shi daga Sifaniya, yarjejeniyar Utrecht ta 1713 kuma ta tabbatar wa Ingila da shi, al'amarin da Sifaniya ba ta taɓa yin na'am da shi a zuci ba har zuwa yau.

Baƙon da ya shigo da ƙafa daga garin La Línea na Sifaniya, abin mamaki na farko da zai tarar shi ne hanyarsa ta ratsa ta tsakiyar filin saukar jiragen sama, har akan tsai da mutane idan jirgi zai tashi. Daga nan sai ya ɗaga kai ya ga fuskar dutsen ta arewa, a miƙe sak kamar bango, da waɗansu baƙaƙen kafofi jere a jikinta can sama, waɗanda wanda bai sani ba zai ɗauka kogunan tsuntsaye ne. Tagogin igwa ne. A bayansu akwai hanyoyin da 'yan Adam suka haƙa a cikin dutsen, waɗanda tsawonsu duka ya kai kimanin kilomita 55, wato sun fi titunan da ke bisa doron ƙasar tsawo. Kaɗan ne daga cikinsu aka buɗe wa baƙi, kuma kashi biyu ne: na ƙarni na goma sha takwas, da na Yaƙin Duniya na Biyu, waɗanda muka shiga tare da jagora, kowa da hular kwano a ka.

Asalin na farkon shi ne Babbar Ƙawanya, wadda Sifaniya da Faransa suka yi wa dutsen daga 1779 zuwa 1783, a lokacin da Ingila ke can tana fama da yaƙin 'yancin Amurka. Maƙiya sun yi ta jawo ramukansu sannu a hankali har suka matso gindin dutsen, inda igwar da ke bisa ba ta iya samunsu, domin wanda ke kan soro ba ya ganin mai raɓe da bango. Gwamnan wurin, Janar George Eliott, ya so a ɗora igwa a kan wani ɗan tudu da ya ɓullo a fuskar dutsen ta arewa, wanda daga nan ana iya yi musu ruwan wuta ta gefe, sai dai babu hanyar hawa gare shi. Wani samanja mai suna Henry Ince ya ce, tun da ba a iya bi ta waje, a bi ta ciki. Ranar 25 ga Mayu, 1782, suka soma, ba su da komi sai guduma da dagi da albarushi, cikin mako biyar kuma suka ci kimanin mita 25. Da hayaƙin albarushi da ƙura suka nemi shaƙe su, sai suka fasa wata kafa a gefe don iska ta shigo. Suna leƙawa ta cikinta suka ga sansanin maƙiya shimfiɗe a ƙarƙashinsu, nan take suka gane cewa abin da suke nema a can gaba ya samu a nan. Aka jawo igwa aka kafa. Kafin ƙawanyar ta watse an kafa huɗu, alhali kuwa ba a ko isa tudun da aka nufa ba tukuna.

Jagoranmu ya daɗe a kan wannan ƙissa, kuma ta cancanci a daɗe a kanta, domin tana nuna yadda larura kan buɗe wa mutum ƙofar da tunaninsa bai kai gare ta ba. Ya kuma ba mu labarin wani irin gadon igwa da Laftanan George Koehler ya ƙago a wannan ƙawanya, wanda ke sunkuyar da bakinta ƙasa, tun da igwar duniya duka an ƙera ta ne don harba gaba ko sama, mutanen Jibralta kuwa maƙiyinsu yana ƙarƙashin ƙafarsu. Wanda ya tsaya a bakin ɗaya daga cikin tagogin nan, iska mai sanyi na bugun fuskarsa, ya dubi filin jiragen sama da gidajen Sifaniya can ƙasa, ba ya bukatar a yi masa sharhin dabarun yaƙi. Bayan da aka yi sulhu a 1783, an gayyaci shugaban rundunar maƙiya, Duc de Crillon, aka zaga da shi cikin ramin da ya hana shi barci, ya kuwa yaba aikin, ya kwatanta shi da gine-ginen Rumawan dā. Ashe tun ran nan aka fara kai baƙi yawon buɗe ido a wurin.

Amma mafi yawan haƙan, da kuma mafi ban tsoro, na zamanin Hitila ne. Da Faransa ta faɗi a 1940, Ingila ta tabbata cewa Jamus za ta biyo ta Sifaniya ta kama dutsen, ta rufe ƙofar Bahar Rum. Zaton kuwa bai zama ƙarya ba, gama Jamusawa sun riga sun tsara harin, sun raɗa masa suna Felix. Sai aka kawo injiniyoyin soja daga Ingila da kuma masu haƙar ma'adinai daga Kanada, waɗanda suka zo da injunan huda dutse masu bakin lu'ulu'u, aka duƙufa dare da rana, har hanyoyin da ba su wuce kimanin kilomita 11 ba kafin yaƙin suka kai wajen 40. Nufin shi ne askarawa 16,000 su iya shigewa cikin dutsen su zauna wata goma sha shida ba tare da an kawo musu ko ƙwayar hatsi daga waje ba. Saboda haka aka yi asibiti, da gidan burodi, da injin wutar lantarki, da wurin tace ruwan teku, da rumbunan harsashi, da ma'aikatar gyaran motoci, da ofishin wayar tarho, duk a cikin duhu. Babbar hanyar da ta ratsa tsakiyar dutsen, wadda manyan motoci ke bi, sun sa mata sunan tsohuwar hanyar da ta tashi daga Landan zuwa arewacin ƙasarsu, suka kuma raba wa sassanta sunayen garuruwan da ke kan waccan, don kada soja ya ɓata, wataƙila kuma don rage kewar gida. Tarin duwatsun da aka fitar ba a yar da su ba: da su aka cike teku aka tsawaita filin jiragen saman nan da baƙo ke takawa.

Dutsen na farar ƙasa ne, irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato, yana da sauƙin haƙa amma yana tsiyayar da ruwa, shi ya sa ko'ina ka taɓa sai ka ji danshi. Don haka sojojin ba su iya kwana a kan dutsen haka kawai ba, sai da aka gina musu ɗakunan kwano a cikin kogunan, ɗaki a cikin ɗaki. Janar Eisenhower, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka, a cikin irin wannan wuri ya zauna a watan Nuwamba na 1942, yana jiran labarin rundunar da ya aika ta sauka a Kasablanka da Oran da Aljiyas ranar 8 ga watan. Ya kuma ambata daga baya cewa bai zauna a wuri mai ƙuntata rai kamarsa ba duk tsawon yaƙin. Wanda ya yi sa'a ɗaya a ciki ba zai ƙaryata shi ba.

Akwai wani kogo da ba a kai yawancin baƙi gare shi, sai dai a ba su labarinsa, kuma shi ne ya fi tsaya mini a rai. Hukumar leƙen asirin sojan ruwa ta Ingila ta shirya cewa, idan har dutsen ya faɗa hannun Jamus, za a rufe mutum shida a wani ɓoyayyen ɗaki can sama, a toshe ƙofarsa daga ciki: shugaba ɗaya, da likita biyu, da masu wayar iska uku. An tanadar musu tankin ruwa da abinci, da keke wanda za su riƙa tuƙawa a tsaye don samun wutar na'urarsu, da 'yan tsaguna biyu, ɗaya na duban Bahar Rum, ɗaya na duban mashigin da tashar jiragen, ta inda za su riƙa ƙirga jiragen maƙiya suna aikawa Landan. Ba a yi musu alkawarin ranar fita ba, wanda ajali ya riska kuwa a nan 'yan'uwansa za su binne shi. An zaɓi mutanen, an horar da su, an kawo su Jibralta suna jira. Asirin ya ɓoyu har ya zama kamar tatsuniya a bakin mutanen gari, sai a 1997 waɗansu masu binciken koguna suka ji iska na fitowa daga wani bango, suka bi ta, suka tarar da ɗakin.

To, ga abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi: harin da aka yi wannan gagarumin tanadi dominsa bai zo ba. Hitila ya sadu da Janar Franko, shugaban Sifaniya, a Hendaye ranar 23 ga Oktoba, 1940, ya nemi ya shiga yaƙin. Franko, wanda ƙasarsa ba ta daɗe da fita daga yaƙin basasa ba, tana kuma cikin yunwa, ya yi ta jero sharuɗɗa, da hatsi da makamai da yankunan Faransa na Afirka ta Arewa, har aka tashi ba a ƙulla komi ba, daga bisani kuma Jamus ta juya fuskarta ga Rasha. Jiragen saman gwamnatin Vichy ta Faransa sun jefa wa garin bamabamai a watan Satumba na 1940 don ramuwar harin da aka kai Dakar, 'yan ninƙaya na Italiya kuma sun yi ta lallaɓowa daga Algeciras ta Sifaniya suna lalata jiragen ruwa, amma babu sojan maƙiya ko ɗaya da ya tako dutsen. Wani kogo mai suna Saint Michael, da aka gyara don ya zama asibitin gaggawa, ba a kwantar da majinyaci a cikinsa ba, yanzu ma wurin taron kaɗe-kaɗe ne. Mutum shidan nan aka sallame su a 1943. Ba na cewa aikin ya tafi a banza, domin mai yiwuwa ne ƙarfin shirin yana cikin abin da ya sanyaya gwiwar maƙiya; sai dai gaskiya ita ce baƙo yana zaga ɗakunan jira ne, ba fagen fama ba.

Waɗanda yaƙin ya ci da gaske su ne mutanen garin, kuma a ganina labarinsu ba ya samun rabon da ya dace da shi a wannan zagaye, wanda janarori da injuna suka cika. Don a sami wurin zuba sojoji, a 1940 aka kwashe mata da yara da tsofaffi, fiye da mutum 13,000, aka kai su Maroko, wadda a lokacin take hannun Faransa. Ba su yi nisa da zama ba sai jiragen Ingila suka buɗe wa na Faransa wuta a Mers el-Kébir, hukumomin Faransa kuwa suka kore su. Aka komo da su gida na ɗan lokaci, sa'an nan aka sake rarraba su: waɗansu tsibirin Madeira, waɗansu Jamaika, mafi yawa kuwa Landan, a daidai lokacin da Jamus ke yi wa birnin ruwan bamabamai, wato an fitar da su daga inda ake tsoron wuta an kai su inda take ci. Daga baya an mai da da yawa daga cikinsu sansanoni a Ailan ta Arewa, na ƙarshensu kuma ba su ga gida ba sai 1951, shekara shida bayan an daina yaƙi.

Wannan wahala ce ta sa mutanen Jibralta, waɗanda asalinsu gauraye ne na Janowa da Malta da Sifaniya da Fotugal da Ingila da Yahudawan Maroko, suka fara ganin kansu al'umma guda, ba masu hidimar bariki kawai ba. Mazan da aka bari a garin don aikin tashar jiragen ruwa suka kafa ƙungiyar neman haƙƙin jama'a a 1942, suna matsa wa gwamna lamba a dawo musu da iyalansu, a kuma ba su baki cikin mulkin garinsu. A 1950 aka buɗe majalisar dokoki, wani lauya kuma mai suna Joshua Hassan, wanda ya jagoranci ƙungiyar shekaru masu yawa, ya zama babban minista na farko a 1964.