Wasiƙa Zuwa ga Ummi Kan Jinin Ƙanenta

Isa, Jihar Sakkwato

Ummi ɗiyata,

Innarki na gaishe ki. Sani ya ji sauƙi har ya koma makarantar allo, sai dai mun hana shi fitar sassafe tunda hunturu ya kankama.

Takardarki ta iso. Kin ce malamin bayoloji ya ba ku zanen ƙwayar halitta ku haddace sassanta, sunayen kuma sun yi miki yawa. Can ƙasa, da ƙananan baƙi, kin tambaye ni me ya sa ciwon Sani ba ya warkewa. Tambaya ɗaya ce kika raba biyu.

Ki fara da albasa, tunda mu mutanen fadamar Bunsuru ba ma rasa ta. Ki ɓare sala guda, ki ɗaye siririn tantanin da ke cikinta, ki shimfiɗa kan gilashi, ki ɗiga aidin, sannan ki roƙi malaminku ya bar ki ki leƙa madubin likita. Za ki ga ƙwayoyi a jere, kowace da iyakarta, da ɗigo mai duhu a ciki. Irin wannan jerin Robert Hooke ya gani a ɓawon itace a Ingila, ya buga zanensa a 1665. Sai a 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka bayyana cewa tsiro da dabba duk da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina su.

Malamai na son kwatanta ƙwaya da birni mai ganuwa, mu Gobirawa kuwa da jin haka sai Alkalawa ta faɗo mana a rai. Kwatancen ya fi dacewa da tsiro, don shi ke da katanga mai tauri ta selulos. Ƙwayar jikinki tantani kawai gare ta, mai maiƙo, mai lanƙwasuwa, kaurinsa bai wuce kashi ɗaya cikin 100,000 na milimita ba. Ƙofofinsa furotin ne, su ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita: sukari, gishiri, ruwa.

A tsakiyar ƙwayar tsiro akwai babbar jakar ruwa. In ta cika sai ta tokare katanga, tsiro ya miƙe. In ta ragu, shi ne kike ganin gero ya langaɓe da tsakar rana idan ruwa ya ɗauke. A jakar nan albasa ke ɓoye wani sinadari, nesa da abokin haɗinsa. Wuƙa ce ke haɗa su, su tayar da iskar da ke sa ki hawaye. Kada ki wahalar da kanki neman kuloroflas a salar albasa, ba za ki gani ba. Yana cikin lawashi, inda rana ke bugu, a nan ake haɗa sukari.

Ɗigon nan mai duhu shi ne cibiya, ma'ajiyar DNA. A jikin mutum an naɗe shi cikin kuromosom 46, 23 daga wurina, 23 daga Innarki, kuma da za a warware na ƙwaya ɗaya tak zai kai kusan mita biyu. Umarnin gina kowane furotin a rubuce yake a ciki. Ana fitar da kwafinsa, raibosom su karanta su harhaɗa furotin ɗin, sashen Golgi ya ƙunshe ya tura inda ake bukata. Maitokondiriya kuma su ke sarrafa sukari da iskar oksijin su ba ƙwaya ƙarfi. Maitokondiriyan nan duka daga Innarki kika gado su, ni ban ba ki ko ɗaya ba. Kada ki faɗa mata, alfaharin da take yi da ke ya ishe mu.

To, ga wadda nake kwana nake tashi da ita a ɗakin gwaji: jar ƙwayar jini. A ɓargo ake yin ta, fiye da miliyan biyu kowace daƙiƙa. Kafin ta kammala girma sai ta zubar da cibiyarta da maitokondiriyarta, ta cika cikinta da himogulobin, furotin ɗin da ke ɗaukar oksijin daga huhu. Kin ga ke nan ba ta taɓa kayan da aka ba ta dako. Siffarta faifai ce mai lotsawa a tsakiya, faɗinta kamar maikuromita 7 zuwa 8, wasu jijiyoyin kuwa sun fi ta ƙanƙanta, dole ta naɗe jikinta ta kutsa. Haka take yi har kwana 120, sannan saifa ta kawar da ita. Taushinta shi ne jarinta.

A jinin Sani harafi ɗaya ne ya sauya a umarnin gina himogulobin. Idan oksijin ya ragu, himogulobin ɗinsa sai ya harhaɗe ya zama dogayen tsinkaye masu tauri, su tokare tantani daga ciki, ƙwayar ta lanƙwashe ta yi siffar lauje. Ba ta iya naɗewa, sai ta maƙale a ƙananan jijiyoyi, jini ya tsaya, ƙashi ya ɗauki raɗaɗi. Kukan da kike ji yana yi cikin dare, asalinsa ke nan. Ƙwayoyin nasa kwana 10 zuwa 20 kawai suke yi, ɓargo ba ya iya cike gurbi, shi ya sa yake ƙarancin jini, idonsa kuma ke yin rawaya.

Kin ji masu cewa shafar iska ce, wasu su ce mayu. Ba na faɗa da su, amma ni abin da idona ya gani nake faɗa miki. Likita James Herrick ya bayyana waɗannan ƙwayoyi a Cikago a 1910. Linus Pauling ya nuna a 1949 cewa himogulobin ɗin ne ya bambanta, Vernon Ingram kuma ya gano ainihin gurbin a shekarun 1956 da 1957. Yanzu kin fahimci dokokin gidanmu. Muna ɗura masa ruwa don ƙishirwa na sa himogulobin ya yi kauri a cikin ƙwaya. Muna lulluɓe shi don sanyi na tsuke jijiyoyi. Gidan sauro kuwa ba ya ɗaguwa don zazzaɓi na tayar da ciwon. Ba ya warkewa ne saboda umarnin na cikin cibiyar ƙwayoyin ɓargonsa, kowace sabuwar ƙwaya da shi ake gina ta.

Abin mamaki, wannan harafin kariya ne ga wanda ya gaji guda ɗaya, wato mai AS. Ƙwayar cutar cizon sauro cikin jar ƙwayar jini take zama ta hayayyafa, amma ba ta sakewa a jinin mai AS. Anthony Allison ya nuna haka a gabashin Afirka a 1954. A ƙasar gulbi irin tamu, daga nan har Sabon Birni da Maraɗi, wannan kariya ta raya yara masu yawa, shi ya sa gadon ya yaɗu. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da shi.

Ni AS ne, Innarki AS ce, ke ma AS ce. Na gwada ki tun kina goye. Lafiyarki ƙalau. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS irin na Sani, kuma cikin baya bai san abin da na gaba ya yi ba. Na san da sauranki, kuma ba al'ada ba ce uba ya yi wa ɗiyarsa wannan zance. Na fi so ki ji daga bakina: duk ranar da wani ya turo magabatansa, kafin goro, takardar gwajin jini zan fara nema.

Idan an ba ku hutu kada ki kamo hanya ke kaɗai, ki zauna wurin Gwaggo a Sakkwato har in aiko. Kuɗin littafin da kika nema suna hannunta. Allah Ya yi miki albarka, Ya ba da sa'ar jarrabawa.

Babanki