Littattafai Biyu a Kanta Ɗaya

Shekarun baya aka kawo wa makarantarmu kyautar littattafai cikin kwalaye uku, irin tsofaffin nan da ɗakunan karatu na Ingila kan sallama idan sun gaji da su. Ana buɗewa malamai suka yi wa na lissafi da na Turanci wawaso, mu kuwa da ke koyar da tarihi aka bar mana waɗansu masu kauri da ƙananan baƙaƙe. Don kunya muka kwashe su, kada a ce malamin tarihi ya guji tarihi.

A cikinsu akwai The Audit of War na Correlli Barnett, masanin tarihin soja, wanda ya fito a 1986. Sunan yana nufin bin diddigin lissafin yaƙi, kamar yadda odita kan zo ya zazzage littafin ma'aji. Abin da malamin ya ce shi ne, Birtaniya ta ci Yaƙin Duniya na Biyu amma ta fito da ciwon da ta ƙi dubawa. Masana'antunta sun tsufa, ma'aikatanta ba su da horo, manyan makarantunta kuma sun shagala da koya wa 'ya'yan manya Latin da Girkanci suna raina aikin injiniya. A ganinsa, maimakon shugabanni su gyara wannan bayan yaƙi, sai suka zuba dukiya wajen gidaje da kyautata jin daɗin jama'a. Ba shi ya fara irin wannan kuka ba. Tun a 1959 C. P. Snow ya yi lacca a Jami'ar Kambirij yana cewa masu adabi da masu kimiyya sun zama al'umma biyu da ba sa jin yaren juna, kuma masu adabin ne ke riƙe da ragama.

To, mai karatu, littafin nan ya shige mu, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ya faɗi abin da muka daɗe muna son ɗalibanmu su ji: ga ƙasar da ta mallaki wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duniya, raina kimiyya ya durƙusar da ita, balle ku. Shekara da shekaru muna maimaita wannan a aji kamar karatun allo. Har wani ɗalibinmu mai kaifin baki ya ɗauki hujjojin ya ci gasar muhawara da su, muka yi ta washe baki ana yi mana barka.

Ana nan sai wani abokin aiki da ya dawo daga ƙaro ilimi ya ba mu aron Britain's War Machine na David Edgerton, wanda ya fito a 2011. Daren farko barci ya ƙaurace mana. Shi wannan malami cewa ya yi labarin raunin Birtaniya ƙarin gishiri ne. A 1939 ƙasa ce mai arziki ƙwarai, wadda ta daɗe tana zuba kuɗi a binciken makamai, tana kuma da injiniyoyi da masana kimiyya birjik a cikin gwamnati da rundunonin soja, sai dai masu rubuta tarihi ba su cika leƙa ofisoshinsu ba. A 1940 ta ƙera jiragen sama fiye da Jamus. Mu ma da mun tsaya mun yi tunani, ai mun san a shekarar ce aka ƙirƙiro, a Jami'ar Birmingham, 'yar na'urar da ta ƙarfafa rada mai hango jirage, mun kuma san a Okusfod aka mayar da fenisilin maganin da ake yi wa majinyaci allura. Ƙasar da ta raina kimiyya, ina ta samo waɗannan? Mun sani, amma ba mu taɓa haɗa su da abin da muke koyarwa ba.

Inda ya fi taɓa mu shi ne batun da ake yawan yi cewa Birtaniya ta tsaya ita kaɗai bayan faɗuwar Faransa. Edgerton ya ce ina kaɗaici ga mai daula, mai jiragen ruwan da ke jido mata abinci da mai daga ko'ina? Wannan kam ba sai Bature ya gaya mana ba. Gyaɗar Kano ta tafi, kuzar Jos ta tafi, har aikin tilas aka sa mutanenmu a ma'adinan daga 1942 zuwa 1944, kuma kakanninmu sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Abin kunya, muna da wannan shaida a cikin gidajenmu, amma muka gaskata littafi muka bar ta.

Daga baya muka koma ga Barnett, wannan karon muna bin ƙananan bayanan da ke nuna inda ya samo kowace magana, waɗanda a da muke tsallakewa kamar yadda yawancinmu 'yan ƙungiya kan yi idan muna neman abin gina labari cikin gaggawa. Mutumin bai yi ƙarya ba. Takardun ma'aikatun gwamnati ya karanta, kuma gaskiya ne tankokin Birtaniya na farkon yaƙi sun yi ta lalacewa, gaskiya ne ta jingina da kayan Amurka daga 1941. Sai dai wanda ya tara rahotannin ƙorafi zalla, ƙorafi zai gani. Edgerton ya ɗora ƙasar a sikeli tare da abokan gabarta, shi ya sa muka fi karkata gare shi, ko da yake wani lokaci mukan ji shi ma ya ja igiyar da ƙarfi don ya kayar da abokin jayayya.

Yanzu mun samu namu kwafin, littattafan biyu suna jingine da juna a kanta ɗaya, kuma duk ɗalibin da ya nemi ɗaya sai mun haɗa masa da ɗayan. Saura wancan mai muhawara. Ya zama malami shi ma, kuma da muka haɗu a wajen wani ɗaurin aure ya gaya mana da alfahari cewa har gobe darasin nan namu yake koya wa ɗalibansa, bai canja ko kalma ba. Muka yi murmushi muka sa masa albarka. Mun karɓi lambar wayarsa, yau wata huɗu ke nan, ba mu kira ba tukuna.